Giyar keke mai aiki da batir: Yadda ake saita ta da kula da ita a zafi da ƙurar Sakkwato

Keken da mutanen Sakkwato suka saba da shi, irin su Raleigh da Phoenix, ba ya buƙatar dogon bayani. Sarƙa ce da birki da feda, kuma duk mai gyaran keken da ke zaune a gindin dogon yaro zai iya kwance shi da safe ya mayar kafin la'asar. Da irinsa manomi ke shigo da kayan lambu daga fadamar Kwalkwalawa, da irinsa kuma malamai da ɗalibai suka yi shekaru suna zuwa makaranta.

Keken tsere na zamani, mai siraran tayoyi da kai mai lanƙwasa, ya zo da wani abu dabam. A manyan samfuransa an daina amfani da kebul wajen sauya giya. Mahayi yana danna ɗan madanni ne kawai, sai wani ƙaramin inji mai aiki da batir ya tura sarƙa inda ake so. Irin waɗannan kekuna suna shigowa Najeriya, sababbi da na hannu, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Lokacin da kamfanin Shimano ya fitar da samfurinsa na 105 Di2 a 2022, wanda shi ne mai sauƙin kuɗi a cikin jerinsa mai batir na kan kwalta, farashin kayan giyar da birki kaɗai ya kusa dala 1,900, wato fiye da naira miliyan biyu a canjin yanzu, ban da jikin keken da ƙafafunsa.

Wanda ya kashe irin wannan kuɗi ya kawo keken birnin da zafinsa ke haura digiri 40 a bazara, ƙura kuma ta rufe shi a hunturu, dole ne ya san abin da ke raya na'urar da abin da ke kashe ta.

Mene ne aikin giya a jikin keke?

A gaban keken tsere, inda feda take, akwai farantai biyu masu haƙora, galibi ɗaya mai haƙora 50 ɗaya mai 34. A ƙafar baya kuma akwai jerin farantai 11 ko 12, daga ƙarami mai haƙora 11 zuwa babba mai 30 ko 34. Idan sarƙa tana kan babban faranti na gaba da ƙarami na baya, juya feda sau ɗaya zai juya ƙafar keke kusan sau huɗu da rabi. Wannan ita ce giyar gudu, amma tana da nauyi a ƙafa. Idan sarƙa ta koma kan 34 a gaba da 34 a baya, juyi ɗaya na feda juyi ɗaya ne na ƙafar keke, kuma da ita ake hawa tudu ko fuskantar iska mai ƙarfi.

Abin da ke ɗauke sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan na'urori biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Tazarar da ke tsakanin farantan baya ba ta kai milimita 4 ba. Saboda haka kuskure kaɗan ya isa ya sa sarƙa ta riƙa ƙara, ko ta riƙa tsalle tsakanin farantai biyu.

A tsohon tsari kebul ne ke jan na'urar, wato siririyar igiyar ƙarfe irin ta birki da ke bi ta cikin bututun roba. Da tafiya ta yi tafiya, kebul yana saki, ƙura tana shiga bututun ta haɗu da mai ta zama kamar laka, sai giya ta yi tauri, saiti ya goce. A garin da hazo ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan matsala ce ta kullum. Babbar fa'idar giya mai batir ita ce ta kawar da kebul ɗin baki ɗaya.

Daga kebul zuwa madanni

Sai a 1937 masu shirya gasar Tour de France ta ƙasar Faransa suka amince wa duk 'yan tsere su yi amfani da na'urar sauya giya. A 1984 Shimano na ƙasar Japan ya kawo tsarin da kowane dannawa ɗaya ke daidai da giya ɗaya, sannan a 1990 ya haɗa masarrafin giya da hannun birki wuri guda.

Kamfanin Mavic na Faransa ne ya fara gwada lantarki a keken tsere, da samfurin Zap a 1992 da Mektronic a 1999, amma dukansu ba su yi ƙarko a kasuwa ba. Abin ya kankama ne a 2009 da fitowar Dura-Ace Di2 na Shimano. Campagnolo na Italiya ya biyo baya da EPS a 2011, sannan SRAM na Amurka ya ƙaddamar da eTap a 2015, wanda ba shi da wayar lantarki ko ɗaya. A yau kusan duk manyan ƙungiyoyin tseren duniya da irin wannan giya suke fafatawa, har da Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya, wanda ya lashe zango uku da koriyar riga a Tour de France ta 2024.

Tseren keke kansa yana ƙara karɓuwa a Afirka. Burkina Faso tana gudanar da Tour du Faso tun 1987, birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta kan kwalta a Satumban 2025, karo na farko a nahiyar, kuma Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke a wasannin Olamfik na Paris a 2024. Matashin da ke burin bin sahunsu daga Sakkwato zai haɗu da wannan na'ura ko ba jima ko ba daɗe.

Tsari biyu da suka fi yawa

A tsarin Shimano na yanzu mai farantai 12, batir ɗaya ne dogo, ana ɓoye shi a cikin sandar sirdi. Siraran wayoyi biyu ne ke fita daga gare shi zuwa na'urar gaba da ta baya. Madannan da ke hannun birki kuma suna aika saƙo ne ta iska, da ƙaramin batir irin na agogo mai lamba CR1632. A jikin na'urar baya ake jona caja, kuma kamfanin ya ce caji ɗaya yana kai keke kimanin kilomita 1,000. Tsofaffin samfura masu farantai 11, waɗanda su ne aka fi samu a kekunan na hannu, komai nasu da waya yake, kuma suna da ɗan akwatin haɗa wayoyi a ƙarƙashin kan keke ko a ƙarshen hannunsa.

A tsarin SRAM kowace na'ura tana da nata batir da ake cirewa a kai caja, kamar yadda ake yi wa tsohuwar wayar hannu. Kamfanin ya ce batir ɗaya yana yin kimanin awa 60 na tuƙi, yana kuma cika cikin kusan awa ɗaya. Madannansa suna amfani da batir mai lamba CR2032. Na dama yana ƙara nauyin giya, na hagu yana rage shi, idan kuma aka danna su tare sai na'urar gaba ta sauya.

Dukansu suna da manhajar wayar hannu da ke haɗuwa da keken ta Bluetooth: E-Tube Project ta Shimano, AXS kuma ta SRAM. Da ita ake ganin yawan caji, a sauya aikin madannai, a kuma sabunta tsarin da ke tafiyar da na'urar.

Saitin farko

Kafin a taɓa kowane madanni, akwai wani ɗan ƙarfe da ya kamata a fara dubawa, wato maratayin da na'urar baya ke ɗaure a jikinsa. An yi shi da alminiyam mai laushi da gangan, domin idan keke ya faɗi shi ya lanƙwashe, jikin keken ya tsira. Jingina keke da ɓangaren sarƙa, ko cusa shi a bayan mota tare da kaya, ya isa ya karkatar da shi. Inji ba ya ganin wannan karkata. Yana tura sarƙa ne zuwa wurin da aka tsara masa, ko da wurin ya riga ya goce. Yawancin abin da ake ɗauka lalacewar lantarki ce daga nan yake farawa. Akwai ma'auni na musamman da ake ɗaurawa a gurbin na'urar a gwada shi da da'irar ƙafar keke, kuma shi ne abin dogaro, domin ido yana yaudara.

Mataki na biyu shi ne haɗa sassan su san juna. A SRAM ana farawa daga na'urar baya: a danne madanninta har koriyar fitila ta fara ƙyaftawa a hankali, a bi sauran sassan ɗaya bayan ɗaya ana danna nasu, sannan a dawo kanta a rufe. A Shimano mai farantai 12 ana yin haka ne ta manhaja. Wayoyinsa kuma akwai ɗan makamin roba da ake tura su da shi har a ji sun yi ƙas. Wayar da ba ta zauna sosai ba za ta yi aiki yau, gobe ta ƙi bayan keke ya shiga rami. Cire ta da filaya ko jan ta da ƙarfi yana tsinka ta daga ciki.

Mataki na uku shi ne daidaita na'urar baya. A Shimano ana kai sarƙa faranti na biyar daga babba, a danne madannin na'urar har fitilar saiti ta kama. Daga nan kowane dannawa yana matsar da na'urar ɗan taku kaɗan maimakon cikakkiyar giya. Ana juya feda da hannu ana matsawa wajen babban faranti har a ji sarƙa ta fara gogar na kusa da ita, sai a dawo baya taku huɗu ko biyar gwargwadon samfurin, a fita daga saitin, a gwada dukan giyoyin. SRAM ma yana da irin wannan ƙaramin gyara, ta hanyar riƙe ɗan madannin da ke cikin hannun birki ana danna na giya, ko ta manhaja.

Sai kuma sukurori uku da ke jikin na'urar baya, waɗanda da hannu ake ɗaure su kamar na tsohon tsari. Biyu daga ciki, masu alamar H da L, su ne iyaka: ɗaya yana hana sarƙa faɗawa waje ta maƙale a jikin keke, ɗayan yana hana ta faɗawa cikin sifok. Idan aka ɗaure su fiye da kima, inji zai riƙa turawa yana cin karo da sukuru, batir ya riƙa ƙarewa da wuri. Na ukun yana daidaita tazarar da ke tsakanin na'urar da babban faranti. Da zarar an kammala waɗannan daidai, saitin yana iya yin watanni bai motsa ba, tun da babu kebul ɗin da zai saki.

Zafin bazara da lafiyar batir

Batirin waɗannan na'urori na litiyam ne, irin na wayar hannu, kuma zafi ne babban abin da ke rage masa kwana. Littafin Shimano ya iyakance caji tsakanin digiri 0 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas, amfani kuma har zuwa digiri 50. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafin inuwa kaɗai yana haura 40. Baƙin keken da aka bari a rana da azahar, ko a cikin motar da aka rufe gilasanta, ko a shago mai rufin kwano, cikinsa zai wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba, batirin Shimano kuwa a cikin sandar sirdi yake zaune.

Abin da ya dace shi ne a ajiye keke a ɗaki mai iska, a yi caji da dare ko da asuba, kuma kada a jona caja da zarar an dawo daga tuƙi sai keken ya huce. Batirin da ya kumbura ko ya fara zafi da kansa a daina amfani da shi nan take. Idan za a daɗe ba a hau keken ba, a bar batir da kimanin rabin caji, a riƙa duba shi bayan 'yan watanni, domin wanda ya mutu murus ya daɗe a haka ba lallai ya sake tashi ba.

Ɗaukewar wutar lantarki ba ta zama babban cikas ba, domin cajar duka kamfanonin biyu ta USB ce. Abin da ke cajin wayar hannu, ko sola ne ko batirin ajiya na aljihu, zai iya cajin giyar. Haɗarin yana wajen wutar da ke hawa da sauka da kuma kan caja maras inganci. Ya fi aminci a fara cika batirin ajiya, sannan a ba keken daga gare shi.

Masu SRAM kuma su lura cewa na'urorinsu motsi ne ke tashinsu daga barci. Idan aka ɗora keke a mota daga Sakkwato zuwa Kaduna ko Abuja domin gasa, girgizar hanya za ta hana su hutawa, caji ya riƙa zurarewa. A cire batiran a sa su a jaka, a rufe gurbinsu da murfin robar da suka zo da shi.

Ƙura, yashi da sarƙa

Sassan lantarkin a rufe suke, ruwan damina ba ya cutar da su, ƙura ma ba ta shiga cikin inji da sauƙi. Inda ƙura ke ɓarna shi ne sarƙa da farantai. Al'adar zuba wa sarƙa baƙin mai, wadda ta wadatar a keken Raleigh, illa ce a nan. Mai mai kauri yana kama yashi, su haɗu su riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Sarƙar farantai 12 siririya ce ƙwarai, ba ta jure wannan.

A lokacin hunturu da bazara an fi son man sarƙa mai bushewa ko mai kakin zuma. Ana ɗiga shi a kowace gaɓa, a bar shi ya shiga, sannan a goge na waje da tsumma har sarƙar ta daina maiƙo. Bayan kowace fita a goge ta, a kuma cire dattin da ke taruwa a ƙananan farantai biyu na na'urar baya. Akwai ɗan ma'aunin da ke nuna yadda sarƙa ta miƙe. Da zarar ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a sauya ta. Wanda ya ƙi zai sayi sarƙa da jerin farantai gaba ɗaya, kuɗin kuma ya ninka sau da yawa.

Wurin wankin mota ba wurin wanke wannan keke ba ne. Ruwa mai ƙarfin feshi yana ratsa robobin da ke toshe ƙofofin waya da na boris. Bokiti da soso da sabulu mai laushi sun wadatar. Fetur da kananzir kuma kada su taɓa wayoyi ko robobi. Kafin a jona caja a tabbata bakin cajin ya bushe babu yashi a ciki, bayan an gama kuma a mayar da murfinsa.

Idan ta tsaya a hanya

Mai fita motsa jiki ta hanyar Wamakko ko Bodinga ko Dange yana iya yin nisa da gari kafin rana ta take, kuma tsayawa a irin wannan wuri cikin zafi, ga halin tsaron wasu hanyoyin jihar, ba abin so ba ne. Duba caji kafin fita daƙiƙa kaɗan yake ɗauka: koriyar fitila alama ce ta wadata, ja kuma gargaɗi ne.

An tsara Shimano ta yadda idan caji ya yi ƙasa na'urar gaba ce ke fara tsayawa, ta baya ta ci gaba na ɗan lokaci. Wannan dama ce ta juyowa gida. Idan batir ya ƙare gaba ɗaya, keken bai mutu ba, sarƙa za ta tsaya ne a giyar da take, a ci gaba da tuƙi kamar keke mai giya ɗaya. Don haka mai hankali yana zaɓar matsakaiciyar giya tun kafin cajin ya ƙare. A SRAM batiran gaba da baya iri ɗaya ne, idan na baya ya mutu sai a musanya. Da yake yawancin hanyoyin da ke kewaye da Sakkwato shimfiɗaɗɗu ne, ba a cika taɓa na'urar gaba ba, batirinta kan zama ajiya.

Bayan faɗuwa kuma na'urar baya ta Shimano takan saki kanta daga inji da gangan domin kare haƙoran cikinsa. Mutum zai ji inji yana motsi amma giya ba ta sauyawa. A samfurin farantai 11 ana danne madannin akwatin wayoyi kimanin daƙiƙa 5 ana juya feda, a na 12 kuma ana bin giyoyin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sai ta koma mazauninta. Idan ɓangare ɗaya na madannai ne ya yi shiru, galibi ƙaramin batirinsa ne, shi ya sa ajiye guda ɗaya a jakar kayan faci yake da amfani.

Kafin a biya kuɗi

Araha ba ta ado, musamman a keken na hannu. Mai saye ya nemi caja tun a wurin ciniki, domin ta kowane samfuri dabam ce, kuma ba a samunta a shagon kayan waya. Ya haɗa keken da manhaja ya ga ko dukan sassan sun bayyana, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko akwai alamar gurzuwa a jikin na'urar baya. Ya kuma sani cewa sassan farantai 11 da na 12 ba sa aiki tare, wayoyinsu ma ba iri ɗaya ba ne, haka nan na Shimano ba ya magana da na SRAM.

Kayan gyaran irin wannan giya yawanci sai an yi odarsu daga Legas ko Abuja ko ƙasar waje, abin da ke iya ajiye keke makonni. Maratayi guda na ajiya wanda ya dace da keken, da sarƙa, da ƙananan batira, sun cancanci a saye su tun ranar farko. Sabunta tsarin na'ura ta manhaja kuma a yi shi da cikakken caji a keke da waya, ba a daren gasa ba, domin katsewarsa a tsakiya tana iya sa na'urar ta daina amsawa.

Ga matashin da ke fara tsere da ƙaramin jari, giya mai kebul irin ta Shimano 105 ko Tiagra har yanzu tana kai mutum inda yake so, kuma ana iya gyara ta a ko'ina da kuɗi kaɗan. Wanda ya riga ya mallaki mai batir kuwa, ba ya buƙatar injiniyan kwamfuta a kusa da shi. Miƙe maratayi, ɗaure sukurorin iyaka, wanke sarƙa da auna ta, duk ayyuka ne da ƙwararren mai gyaran keke a Sakkwato zai iya koya cikin yini guda idan aka ba shi ma'aunai biyu da aka ambata, aka kuma nuna masa abubuwan da ba a yi: kada a tura na'ura da ƙarfin hannu, kada a ja waya da filaya, kada a zuba baƙin mai. Sauran aikin, wato inuwa da caji a kan lokaci, yana wuyan mai keken.